Na Je Kalaba Ɗauko Ka, Yaya

Zuwa ga Yaya Umaru, a birnin Kalaba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamata ƙanwa ta yi wa wanta, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da aikinka da ruwan saman garinku da ba ya ɗaukewa. Mu nan Bauchi sai godiyar Allah.

Na san ba za ka ji daɗin ganin wannan a bainar jama'a ba. Ni ma ban so ba. A gidanmu ba a koya mana fitar da maganar cikin gida waje ba. Amma tun da na baro Kalaba ka daina ɗaga wayata, in na tura saƙo ka buɗe ka karanta ka yi shiru. Matarka ta gaya mini ba abin da nake rubutawa a shafin nan da yake wuce ka, har hotunan ɗalibaina kana tsayawa ka duba. To ga ni na biyo ka inda kake laɓewa. Su kuma masu leƙen wannan takarda, roƙona gare su ɗaya ne: kada wanda ya taɓa matarka da baƙar magana. Da kai nake, ba da ita ba.

Ina aji biyar a firamare aka tura ka bautar ƙasa Kalaba. Baffa da kansa ya raka ka tasha, yana ta gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa ɗansa ya gama jami'a, ya karanta tarihi. Inna ta yi maka dambun nama cike da kwano. Ni kuwa na bi ka har bakin lungu ina kuka, ka juyo ka ce in yi shiru, wata rana za ka kai ni in ga jirgin ruwa.

Da ka gama ka dawo, ba takardar shaida kaɗai ka kawo ba, ka zo da maganar auren Arit, 'yar Kalaba. Ina bayan ƙyaure ranar da kuka zauna a zaure, kai da Baffa da su Kawu. Na ji lokacin da Baffa ya ce, "In ka aure ta, kada ka ƙara taka ƙofar gidan nan." Na ji ƙarar takalminka. Ko ɗakin Inna ba ka leƙa ba.

Ba zan ce Baffa ya kyauta ba. Na girma na gane addini bai hana ka auren ba, idon mutanen unguwarmu Ƙofar Ran ne ya fi ƙarfinsa. Allah Ya jiƙansa Ya yafe masa. Amma shi ne ya faɗi maganar, Yaya. Inna ba ta ce komai ba, ita ce kuma ta fi kowa ɗanɗana abin da ya biyo baya, shekara ashirin da wani abu.

Da Baffa ya rasu aka kira ka, ka ce ga ka nan a hanya. Aka yi jana'iza babu kai. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Kawu Sale ne ya zauna a kan tabarmar da ta kamata ka zauna, yana amsar gaisuwa, yana ce wa mutane hanya ce ta hana ka. Daga nan sai ka koma aike. Kowace shekara direban babbar mota ya sauke mana jarkar manja da buhun garin kwaki, ya ce in ji Malam Umaru. Ka san likita ya daɗe da hana Inna cin manja? Maƙwabta take rabawa. Sai dai ba ta bari a fitar da jarkar sai ta shafa ta tukuna.

Bana jikin ya tsananta. Zuciya ce. Ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ido kuma ya yi yana, sai dai ta gane mutum da murya. Likita ya ja ni gefe ya ce duk wanda ake so ya gan ta a gaya masa. Ita ba ta taɓa cewa in je nemanka ba, ka san halinta. Amma duk namijin da ya yi sallama a zaure sai ta daina abin da take yi ta karkata kunne. Mai gyaran famfo, mai karɓar shara, ɗan maƙwabta. Sai ta ji muryar sosai, sannan ta mayar da kai kan matashi. Na gaji da ganin wannan. Da aka ba mu hutun makaranta na roƙi maigidana, ya amince, na bi wata 'yar kasuwar Wunti da take saro kaya a can.

Hanyar da aka ce ita ta hana ka zuwa, na bi ta. Tana da nisa, tana da ramuka, bayana ya yi ciwo. Amma ƙarewa take yi, Yaya. Mace mai 'ya'ya huɗu ta bi ta ta iso.

A tasha na gan ka tsaye da lema, gemu ya yi fari, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka kamar ta Baffa. Duk fushin da na ɗauko sai ya zube, na rungume hannunka ina kuka kamar ranar bakin lungu. Ka ce, "Saudatu, kin zama babbar mace." Ka tambaye ni hanya. Ka tambaye ni ko na ci abinci. Ka tambayi maigidana da yara. Muna cikin mota, an wuce shatale-tale, an wuce wata doguwar majami'a, ina jira. Sai da muka tsaya a ƙofar gidanka, hannunka na kan makulli, idonka na kan titi, sannan ka ce, "Yaya jikin nata?" Nata. Kamar wata maƙwabciya.

Ba zan ɓoye ba, na zo da shirin ƙin matarka. Tun ina yarinya ake ce mana ita ta raba ka da mu. Sai ga mace mai fara'a ta fito da gudu cikin yayyafi ba takalmi, ta karɓi jakata, ta ce da Hausarta mai karkata, "Sannu da zuwa, ƙanwata." Ta sayi sabuwar tukunya saboda ni. Ta je har Bogobiri, unguwar Hausawa, ta sayo naman da mahaucinmu ya yanka, don kada in yi shakka. Ta shimfiɗa mini darduma ta nuna mini gabas. Miyar ganyen da ta yi, mai ƙananan dodon-koɗi a ciki, ban iya ci ba, ta yi dariya ta dafa mini shinkafa.

Sannan 'yarka ta shigo daga jami'a. Doguwa, baƙa, goshin Inna sak. Na ji ana kiranta Ekaete, na tambayi ma'anarsa. Arit ta ce a yarensu "uwar uba" ke nan, kamar yadda mu za mu ce Ummi. Ta ce sunanta na yanka Hauwa'u, sunan Inna, kuma ita Arit ɗin ce ta nace a sa. Yaya, ka yi wa Inna takwara, yarinyar ta kai shiga jami'a, ba ka taɓa gaya mata ba. Mun san kana da 'ya. Ba mu san sunanta ba. Wannan wace irin rowa ce?

Da safe na ce maka ina so mu yi magana. Ka ce in bari in ga gari tukuna, ai baƙo ba ya zuwa Kalaba ya koma bai ga tarihi ba. Na gane aikinka ke nan yanzu: bayan koyarwa, kana zagayawa da baƙi kana ba su labarin garin. Ni ma sai ka mayar da ni baƙuwar.

Ka kai ni kan tudu, wani tsohon benen katako da gwamnonin Turawa suka zauna a ciki, mai dogayen tagogi da baranda da ke kallon kogi. Ka ce a ƙasarsu aka sassaƙa shi, aka loda shi a jirgin ruwa gunduwa-gunduwa, aka zo nan aka haɗa. Ka shafa ginshiƙi kana murmushi, ka ce, "Har ƙusoshin daga can suka zo da su." Ka nuna mini igwa, ka nuna mini gangunan da ake zuba manja, ka nuna mini wata ƙatuwar ƙararrawa. Kana magana fuskarka tana haske, irin hasken da nake gani lokacin da kake koya mini karatu a tsakar gida. Na ce, Yaya, maganar Inna fa? Ka ce bari mu sauka ƙasa, akwai abin da ban gani ba.

Garin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ko'ina kore shar, tituna a share, iska mai nauyi da ɗanshi, tufafi ba sa bushewa. Tsofaffin sito-sito na kamfanonin Turawa sun jeru a gaɓa, rufin kwanonsu ya yi tsatsa, bango ya yi gansakuka. Na ɗauka teku zan gani, ashe kogi ne, faffaɗa mai launin toka, kurmi ya rufe ɗaya gaɓar, masunta suna tuƙa kwale-kwale a hankali. Can nesa wani jirgi yana tsaye. Ka nuna shi da lema ka ce, "Na cika alkawari." Na kalle ka. Wallahi da gaske kake, jira kake in yi murna.

Washegari maƙabartar Turawa ka kai ni. Ka san kusan kowane kabari. Wannan ɗan kasuwa ne, wannan ɗan mishan, wannan saurayi ne zazzaɓi ya kashe shi bai daɗe da sauka ba. Ka durƙusa ka cire ciyawa daga kan wani dutse don in ga rubutun. Ina tsaye ina kallon hannunka, ina tuna kai ba ka san inda kabarin mahaifinka yake ba. Ko a gabas yake da bishiyar dogon-yaro ko a yamma, ba ka sani ba. Na haɗiye, don a maƙabarta muke, ko ta wane ne.

Abin da ya fasa ni shi ne gidan tarihin bayi da ke bakin ruwa. Ranar kana da baƙi, baƙaƙen fata daga Amurka, yawancinsu tsofaffi. Ka ce in bi ku. Ciki duhu-duhu, an ƙera cikin jirgi da mutum-mutumi a kwance a jere kamar itace, ga sarƙa, ga mari, ga ƙarfen da ake yi wa mutum lamba da shi. Na sha karantawa a littafi, amma ganin faɗin marin da aka yi don ƙafar yaro daban ne.

Ka iya magana, Yaya. Ka rage murya ka ce musu su yi tunanin uwar da ta aiki ɗanta rafi, ta zauna jira har ta tsufa, ba gawa ba labari. Ka ce wanda aka fita da shi ta wannan gaɓa ba ya dawowa. Wata tsohuwa mai sanda ta fashe da kuka. Ta ce ta ƙetaro teku tana neman kakar da ko sunanta ba ta sani ba. Da muka fito ta sunkuya da ƙyar ta ɗebi ƙasar gaɓa ta ƙulle a hankici. Kai kuma ka riƙe hannunta biyu, idonka ya cika da hawaye, ka yi mata barka da dawowa gida.

A nan ne na manta da tarbiyya. Da Hausa na yi, ba su ji ba, amma sun ga fuskata. Na ce kai wa ya ɗaure ka? Ina sarƙar? Waɗannan da ƙarfi aka raba su da iyayensu, jikokinsu suna rarrafe da sanda suna neman ƙasar da za su ƙulle a hankici. Kai taka uwar tana da suna, tana da ɗaki, tana numfashi da ƙyar a Ƙofar Ran, mota tana tashi kullum. Kana cin abinci da labarin uwar da take jira, ga taka can tana jira.

Ka sallami baƙin, ka ja ni kan wani benci a bakin ruwa. Ka ce, "Baffa ya rasu bai janye maganarsa ba. Ranar da ya rasu na kama hanya, na kai har Makurɗi, na kasa. Yaya zan taka ƙofar da ya hana ni, shi yana kabari ba zai iya cewa ya yafe ba?"

Na ji tausayinka a lokacin, kada ka ce ban ji ba. Amma ka tuna abin da na mayar maka, kuma ina nan a kansa. Yana raye, da bakinsa ya ce kada ka yi aure, ka yi. A nan ba ka ga biyayya ba. Sai da ya mutu ka zama ɗa mai bin umarni, saboda wannan umarnin ya fi maka sauƙi. Zama a Kalaba ya fi sauƙi a kan ka shiga lungunmu mutane su bi ka da ido, ka durƙusa gaban Inna ba ka da abin faɗa. Kunya ce, Yaya. Kunya ce ta shekara ɗaya da ka bari ta zama ta biyu, ta zama ta goma, ka ɗinka mata riga ka kira ta biyayya. Kuma in maganar mahaifi tana da nauyi haka, hawayen mahaifiya ba su da shi?

Ka ce ruwa zai sauko, mu tafi.

A gida Arit ta ga idona ta tambaya, na gaya mata komai. Ta zauna a kan kujerar kicin ta rufe fuska. Ashe kowace shekara tana roƙonka ku zo. Ashe abin da kake ce mata shi ne mu ne ba ma son ganinta, Inna ba za ta amsa gaisuwarta ba. Mu a nan ka bar mu muna cewa ita ta riƙe ka, ita a can ka bar ta tana ganin mu ne muka tsane ta. Mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba suna jin nauyin juna shekara da shekaru, kai kana tsakiya kana shan iska. Wannan ne ban yafe ba tukuna. Ina ƙoƙari, amma ban kai ba.

Ta tashi ta jawo akwati. Ta ce maka da Turanci, a gabana, ba ta ɗaga murya ba, "In kai an hana ka, ni ba wanda ya ce kada in taka ƙofar." Ekaete ta ce ita ma za ta. Na ɗauka a nan za ka karaya. Na ba ka har ranar tafiya. Kai ka kai mu tasha, kai ka loda kaya, ka sayo mana ayaba da gyaɗa. Har direba ya tayar da mota ina kallon kujerar da ke kusa da ƙofa. Sai ka leƙo ta taga ka ce, "Ki gaishe ta."

To bari in ba ka labarin abin da ka guda, tun da kai mai son tarihi ne.

Matarka ta shiga Ƙofar Ran da mayafina a kanta. Ƙofofi sun buɗe, an leƙo, an yi ƙus-ƙus, kamar yadda kake tsoro. Ba wanda ya mutu. Kafin la'asar matan lungu sun fara aiko da kwanuka, wannan masa, wannan fura. Kawu Sale, wanda ya fi kowa zafi a zaure a wancan lokaci, ya zo da sandarsa ya zauna, ya ce a tambaye ta ko ta sha wahalar hanya.

Arit ta durƙusa a gaban gadon Inna. Na ce, Inna, ga matar Yaya. Inna ta laluba ta kama hannunta, ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta ce, "Ke kika riƙe mini shi duk shekarun nan? Allah Ya yi miki albarka." Na fassara. Arit ta kifa kai a kan katifa, kafaɗunta suna girgiza.

Sai na matso da yarinyar na gaya wa Inna sunanta. Ta sa na maimaita. Ta bi fuskarta da yatsu, goshi, hanci, haɓa, ta yi wata dariya da rabona da jin irinta tun Baffa yana raye. Ta ce, "Takwara, ashe kina nan." Ta sa aka buɗe tsohuwar adakarta, ta ba ta 'yan kunnen aurenta. Yarinyar ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Turanci, amma sun wuni tare, tana matsa mata ƙafa, Inna tana ba ta labarin da ba ta fahimta.

Da yamma da aka watse, Inna ta ce, "Shi fa?" Na yi niyyar in ce aiki. Na gaji da yi maka ƙarya. Na gaya mata abin da ka faɗa a bakin ruwa, kalma da kalma.

Da gari ya waye ta ce in kira maigidana ya samo mota. Ta ce a kwashe kayanta a kai ta gidana a Inkil. Yaya, ka san ɗakin nan. A cikinsa aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haife mu. Shekaru muna roƙonta ta dawo wurina don in fi kula da ita, tana cewa sai dai a fitar da ita a makara. Na ce, Inna, da wannan jikin? Ta ce, "Baffanku ƙofar gidansa ya hana shi. Bai ce komai a kan taki ba."

Da hannu aka ɗauko ta, ni da matarka muna tallafe da ita. A zaure ta ce a tsaya. Ta miƙa hannu ta taɓa bango, ta yi wa Baffa addu'a, sannan ta ce mu tafi. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata.

Yanzu tana Inkil, a ɗakin da ke kallon gonar masara. Canjin wurin ya wahalar da ita, ba ta san inda komai yake ba, ta kan farka ta laluba bango tana neman tagar da ba ta nan. Arit ta ƙi komawa, ta ce sai abin da Allah Ya yi. Ta koyi dama kunun tsamiya, Inna ta ce ya fi nawa. Ekaete ta koma makaranta jiya, ita za ta gaya maka sauran in ka iya kallon idonta.

Saboda haka hujjarka ta ƙare. Tsohuwa mai ciwon zuciya ta bar ɗakinta don kada ka saɓa wa mahaifinka. Ban san me ya rage ka fake da shi ba. In akwai, ka faɗa, na tabbata shi ma za ta ɗauke maka.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Kai ne ɗanta na fari, ka san tun da aka haife ka ba ta taɓa faɗin sunanka ba, don alkunya. "Wancan," take cewa, ko "yayanku." Ko wani mai sunanka ya shigo gida sai ta yi masa laƙabi. Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, na jiyo ta ta taga tana magana ita kaɗai. Sunanka take faɗa. Umaru. A hankali, ta tsaya, ta sake faɗa, kamar mai gwada sabon abu a baki. Na shiga, ta ji motsina ta yi shiru, ta ja zane ta rufe fuska don kunya.

Ba na so in ci gaba da faɗa da kai, Yaya. Kai ka koya mini ɗaure takalmi, kai kake goya ni a keke zuwa Gubi mu ga ruwa, kai kake karɓar dukan da ya kamata a yi mini. Na ga gidanka, na ga mutumin da ka zama. Ka riƙe sallarka, ka riƙe matarka da amana, ka yi wa 'yarka tarbiyya. Ba mugu ba ne kai, tsoro ne ya yi maka yawa. Ba sai ka shirya abin faɗa ba. Ba sai ka ba kowa haƙuri ba, ni ma na ɗage nawa zuwa wani lokaci. Kada ka tsaya sayen tsaraba. In ka sauka tasha ka hau keke ka ce Inkil, gida mai koren ƙyaure bayan masallaci. Ka yi sallama da ƙarfi, kunnenta lafiya lau yake.

Likita bai ba ni rana ba, ni ma ba zan ba ka ba. Amma ni nake juya ta da safe, na san yadda nauyinta yake raguwa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, kada Ya kama shi da maganar da ya faɗa cikin fushi. Allah Ya saka wa Arit da alheri, Ya raya Hauwa'u. Allah Ya sassauta wa Inna, Ya ara mata kwana har ta ji muryar ɗanta. Kai kuma Allah Ya cire maka abin da ya danne maka ƙirji, Ya ba ka ƙarfin wuce Makurɗi. Amin.

Ƙanwarka da har yanzu take fushi, take kuma share maka ɗaki,

Saudatu
Inkil, Bauchi.